Daga Allo zuwa Gawo: Yadda Ake Karanta Rayuwar Mai Zane a Bango

Ranar da yaro zai yi saukar Alƙur'ani a Ƙanƙara, ba allon da yake wankewa kullum ake riƙa masa ba. Tun da sauran kwanaki ake kai wani sabon allo wurin mai zayyana. Ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, sannan ya cika sauran fili da ado: murabba'i cikin murabba'i, da'ira, layukan da suka sarƙe da juna, ga ja, ga ɗorawa, ga kore, ga baƙi. Allon nan yakan zaga gidajen dangi, kowa ya karɓa ya juya shi a hannu ya ce tubarkalla. Ban taɓa jin wanda ya tare mai zayyana ya ce, "Gafarta Malam, wannan hoton mene ne?" ba. Kowa ya san ba hoton komai ba ne, kuma kowa yana iya bambance zayyanar gwani da ta ɗan koyo.

To amma ka buɗe waya ka nuna wa mutumin da ya gama yaba allon nan irin zanen da ake ratayewa a manyan gidajen zane na duniya, wanda babu mutum babu doki a cikinsa, sai layi da launi. Abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne, "Shi kuma wannan mene ne?" In ka ce masa har layi ake bi a biya kuɗi don a kalle shi, sai ya girgiza kai. Idon da ya karanta zayyana ɗazu shi ne dai a fuskarsa, tambayar da ya zo da ita ce ta sauya. Zan bi da mai karatu sannu a hankali ta cikin baje kolin wani mai zane guda, ɗan malamin allo, don a ga yadda ake komawa ga tambayar farko.

Mu fara da shi kansa zanen. A ce an zaunar da mutum uku a gaban gawon da ke tsakiyar wata gona a Faskari, an ba kowa takarda. Na farko ya zana gawon yadda yake, da kaushin ɓawonsa da ƙayarsa, har da akuyar da ke tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Wanda duk ya gani zai ce gawo ne. Na biyu ya zubar da ganye da ƙaya da akuya, ya bar gangar jiki da yadda rassa suka baje kamar laima. Har yanzu ana gane itace ne, sai dai ba a rantsuwa a kan wane iri. Na uku ya ce shi abin da ya dame shi tsayuwar itacen ce, yadda abu ɗaya ya taso daga ƙasa ya rarrabu a sama, don haka ya ja layi ɗaya a tsaye, ya gitta masa wasu a kwance, ya tsaya nan. Aikin na ukun nan shi ake nufi da zane marar sura. Ragewa ya yi ta yi, kamar mai sheƙar hatsi, har sai da abin da yake so kaɗai ya saura. Akwai kuma masu farawa daga layi da launi kai tsaye ba tare da sun kalli wani itace ba, kamar dai mai ɗinkin aska takwas a gaban babbar riga.

Littattafan Turai sukan ce wannan salo ya soma ne wajen 1910, su ambaci Kandinsky ɗan Rasha, da Malevich wanda ya baje wani baƙin murabba'i a 1915, da Mondrian ɗan Holan wanda shi ma daga zanen itace ya fara ragewa. Gaskiya ne ta fuskar fenti a kan ƙyalle a ƙasashensu. Amma magina a Zariya da Kano da Katsina sun daɗe suna cika fuskar soro da dagi da sauran zane, mata kuma suna saƙa shi a faifai. Abin da Turai ta ƙara shi ne ta cire adon daga jikin riga da bango, ta ba shi firam, ta rubuta sunan mai shi da shekara a ƙasa.

Sunan nan da shekarar nan su ne jarin abin da zan kira baje kolin waiwaye. Baje koli na yau da kullum, mai zane ne ke kawo sababbin ayyukansa, yawanci don a saya. Na waiwaye kuwa gidan adana zane ne ke tattaro aikin mutum tun daga ƙuruciya har tsufa, ya jera shi ɗaki bayan ɗaki bisa shekaru, ba don ciniki ba. Ya fi amfani ga mai zane marar sura fiye da kowa. Dalili kuwa, zanensa guda ɗaya kamar shafi ne da aka yago daga tsakiyar littafi. In ka ga layi uku a kan farin ƙyalle kana iya cewa ɗanka ma zai yi. Sai ka ga abin da ya gabace su shekara talatin, ka ga hannun da ya iya zana fuska kamar ta yi magana, sannan za ka san cewa layi ukun nan zaɓi ne.

Aikin haɗa irin wannan baje koli yakan ci shekaru, kuma yawancinsa ba a ganinsa. Mai tsarawa yakan fara da ƙidaya: me mutumin ya zana, yaushe, yana hannun wa yanzu. Daga nan sai wasiƙun aro, domin ayyukan sun watsu, wasu a gidajen adana zane, wasu a falon attajirai, wasu a ƙarƙashin gadon mai zanen. Wanda ya yarda ya ba da aro, sai a aiko masani ya duba zanen ya rubuta duk wani tsagu ko tabo da ke jikinsa, a yi masa inshora, a ƙera masa akwati daidai jikinsa. A ɗakin da za a rataye shi ana lura da zafi da laima, aikin takarda kuma a rage masa haske don kada tawada ta koɗe. Mataki na ƙarshe shi ne jeri, wato wanne zai bi wanne, wanne zai fuskanci ƙofa. Nan ne mai tsarawa yake faɗin ra'ayinsa ba tare da ya buɗe baki ba.

Wanda za mu bi shi ne Ibrahim El-Salahi, mutumin Sudan, haifaffen Umdurman a 1930. Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ta nan alhazan ƙafa suka riƙa ratsawa, da yawa suka zauna, garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kuwa mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Baje kolin waiwayen El-Salahi ya fara a Sharja a 2012, ya wuce Doha, sannan ya isa gidan Tate Modern na Landan, wata tsohuwar tashar lantarki a bakin kogi da aka mayar gidan zane. An buɗe a farkon Yulin 2013, aka rufe a Satumba. Ayyuka sama da 100 aka jera, na fiye da shekara 50, wanda ya tsara kuwa Salah Hassan ne, shehin malami ɗan Sudan da ke koyarwa a Jami'ar Cornell ta Amurka. El-Salahi yana da shekara 82 a lokacin, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da gidan ya yi wa irin wannan waiwaye. Wasu ayyukan daga Jamus aka aro su, wasu daga Amurka, wasu daga Katar.

Mu shiga. Abin da mai kallo zai fara tararwa zai iya ba shi mamaki, domin babu wani abin ruɗani a ciki. Fuskokin mutane ne da shimfiɗar ƙasa, irin aikin ɗalibi mai ƙwazo. El-Salahi ya yi karatun zane a Hartum, gwamnati ta tura shi makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957, ya koyi yadda Turawa ke auna jiki da inuwa da nisa, ya kuma iya. Kada a yi gaggawar wuce wannan ɗaki. Shi ne babbaƙun karatun, kuma shi ne amsar mai cewa don an kasa zana mutum ne ake fakewa da layuka.

Ya koma gida da wannan ilimi, ya baje aikinsa a babban otal na Hartum. Shi da kansa ya sha ba da labarin abin da ya biyo baya: mutanen gari sun zo buɗewa, sun gaisa, ba su dawo ba. Aikin bai yi musu magana ba. Da wani ne, da ya ce jama'a ne ba su waye ba, ya tattara ya koma Landan. Shi sai ya juya tambayar kansa. Ya shiga zagaya gari da ƙauye yana duba abin da mutane ke ratayewa a ɗakunansu da hannunsu, ba wanda ya sa su. Abu biyu ya yi ta gani: rubutun Larabci, da adon kayan hannu, irin su faifan rufe abinci da tabarma da aikin fata. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a Sabuwa ya ga jeren faya-fayai a bango ya san abin da idon El-Salahi ya faɗa a kai. Rubutun kuwa gadonsa ne, mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, a gabansa ya fara riƙe alƙalami.

A nan zan daɗe, domin nan ne mabuɗin sauran ɗakunan. Mataki na farko, ya riƙa sanya rubutu a cikin zane, kalmomin da ake iya karantawa. Mutane suka matso, don sun ga abin da suka sani. Mataki na biyu, ya daina kula da ma'anar kalmar, ya koma kallon jikin harafin: inda ya miƙe, inda ya lanƙwasa, inda alƙalami ya danne ya yi kauri, inda ya ɗaga ya sirance. Mataki na uku, ya karya harafin, ya raba gaɓoɓinsa, ya zuba ido ga filin da ke tsakanin wannan gaɓa da waccan. A cikin filayen nan, in ji bayaninsa, sai wasu halittu suka fara leƙowa, fuskoki dogaye, tsuntsaye, dabbobi, tsirrai, abubuwan da bai yi niyyar zanawa ba.

Wanda ya yi makarantar allo a ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin sunayen da muke kiran baƙaƙe da su sun riga sun ga jiki a cikin harafi. Muna cewa an baki wofi, saboda harafin ya wangame baki. Muna cewa ɗa mai hannu, saboda sandar da ya ɗaga sama. Ga lam jaye, ga nun ara, ga ha kuri da ya dunƙule wuri guda. Yaro ɗan shekara biyar da ke rera waɗannan a gindin bishiya yana koyon ganin baki da hannu a cikin lanƙwasar tawada tun kafin ya san abin da kalmar ke nufi. Muna girma sai karatu ya rufe mana wannan gani, mu riƙa tsallake siffar harafi mu faɗa kan ma'ana. El-Salahi baya ya koma, ya tsaya a inda yaron yake, da hannun wanda ya yi Slade. Shi da abokan aikinsa, Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq, su ne aka yi wa laƙabi da Makarantar Hartum a farkon shekarun 1960.

Launin ɗakunan wannan zamani ma abin lura ne. Babu kore shar, babu shuɗi mai ƙyalli. Jar ƙasa ce, da ruwan makuba, da ɗorawa mai duhu, da baƙi, da fari irin na farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara a shafe ɗaki da ita. Da gangan ya zaɓi launin ƙasar da ya tashi a kai. Babban aikinsa na lokacin, wanda sunansa ke nufin sautukan mafarkin ƙuruciya da suka sake haihuwa, ya ɗauke shi daga 1961 zuwa 1965, tsawonsa da faɗinsa kowanne ya haura mita biyu da rabi. Ba a kan ƙyallen Turai ya yi shi ba, a kan damuriyya ne, saƙin hannu na audugar Sudan, ɗan'uwan farin saƙin da masaƙanmu ke yi da audugar Daudawa da Funtuwa kafin masaƙun zamani su karɓe kasuwa. Wasu dogayen siffofi ne baƙaƙe-baƙaƙe suke tsaye a kan fili mai haske, kawunansu wani kamar ƙwarya, wani kamar jinjirin wata, ba ka iya cewa ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Tate ta mallaki wannan aiki, yana cikin taskarta.

Ga yadda zan shawarci mutum ya tsaya gaban ɗaya daga cikinsu, mu ɗauki wanda ya kira Sauti na Ƙarshe, na 1964, da ya zana bayan rasuwar mahaifinsa. Kada ka fara da karanta ɗan allon bayanin da ke gefe. Tsaya daga nesa tukuna, ka bar idonka ya faɗa inda ya ga dama, za ka ga tsakiya yake ja. Sannan ka bi abin da ke kewaye da tsakiyar, ka lura ko shiga yake ko fita, ko nauyi ya taru ƙasa ko ya tashi sama. Matso kusa ka ga sawun hannu, inda fenti ya yi kauri da inda aka kankare. Sai bayan haka ka karanta sunan, ka ji cewa addu'o'in da ake yi a kan mai barin duniya ake nufi. Koma nesa ka sake kallo. Wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake laƙƙana wa wani kalmar shahada ya san yadda sauti ke cika ɗaki sannan ya watse. Da El-Salahi ya zana gado da majinyaci da masu kuka, da mutuwar mutum ɗaya ya nuna mana, a rana ɗaya.

Wani zai ce, to ina hukuncin sura? Tambaya ce ta gaske a wurinmu, kuma ba ni zan yanke ta ba, ta malamai ce. Abin da zan iya faɗa shi ne aikin El-Salahi ba duka ne ya kuɓuta daga siffar mai rai ba, fuskoki suna leƙowa su ɓace, wasu ayyukan kuma babu komai cikinsu sai layi. Shi mutum ne mai riƙo da addini, ya kuma faɗa cewa yakan yi salla kafin ya zauna aiki.

Akwai zaren Najeriya a cikin labarin. A 1961 ya zo Ibadan, aka baje aikinsa a ƙungiyar Mbari, matattarar su Wole Soyinka da Chinua Achebe da Ulli Beier, Bajamushen da daga baya ya kafa gidan Iwalewa a Jami'ar Bayreuth, inda wasu ayyukan El-Salahi na farko suke ajiye. A Mbari ɗin akwai Uche Okeke da Demas Nwoko, waɗanda ba su daɗe da barin kwalejin Zariya ba. Su ne a 1958, da su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane da ta ƙi yarda a koya musu na Turai kaɗai. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kamar yadda El-Salahi ya koma ga allo. Ciwo ɗaya, magani iri ɗaya, ba tare da sun haɗa baki ba. Kwalejin nan ita ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashenta na zane yana nan har gobe, kuma a can Gani Odutokun ya koyar, yana kwarara fenti a kan ƙyalle ya bar shi ya nemi hanyarsa, har hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995. Daga Funtuwa zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce, amma ɗalibai nawa ne daga kudancin Katsina suka taɓa leƙa ɗakunan aikin sashen nan?

Mu koma baje kolin El-Salahi, mu iso ɗakin da launi ya ɗauke. Mai kallon da bai san tarihi ba zai ji sauyin a jikinsa kafin ya karanta dalili, kuma wannan shi ne abin da jeri bisa shekaru ke iya yi wanda zane guda ba ya iyawa. El-Salahi ya riƙe babban muƙami a ma'aikatar al'adu ta Sudan. A Satumban 1975 aka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Ja'afar Numairi, aka zarge shi da hannu a ciki, aka kai shi kurkukun Kobar, ya yi wata shida da 'yan kwanaki ba a kai shi gaban alƙali ba. An hana fursuna riƙe takarda ko abin rubutu, wanda aka kama kuwa ɗakin kaɗaici ne makomarsa. Sai ya samu guntun fensir, yana yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, ya yi ɗan zane a kan guda, in ya ji motsin gandiroba ya tura cikin yashi. Bayan an sake shi a 1976 ya cika wani littafi da zane da rubutu a kan abin da ya gani, littafin da yanzu yake gidan adana zanen zamani na Niyok. A 1977 ya bar ƙasar ya koma Katar.

Dabarar da tilas ta koya masa a kurkuku ita ta zama hanyar aikinsa. Yakan fara da 'yar ƙwaya a tsakiyar takarda guda, da baƙar tawada, ba tare da ya san inda za ta kai shi ba. In zanen ya kai bakin takarda yana neman wucewa, sai ya kawo wata takardar ya jona, kamar yadda gida ke girma a ƙauye, a yi ɗaki, a yi wa yaro aure a ƙara wani, har a wayi gari an kewaye fili. Mafi girman abin da ya fito ta wannan hanya shi ne aikin da ya kira Abin da Ba Makawa, na 1984 zuwa 1985, falle tara da aka haɗa suka cika bango, baƙi da fari zalla, cike da damatsa da dunƙulallun hannaye na jama'ar da ta taso wa zalunci. A 1985 ɗin ne kuwa mutanen Sudan suka fito titi mulkin Numairi ya faɗi. Wanda ya ga falle taran nan bai san labarin buhun siminti ba zai ɗauka salo ne kawai.

Ɗakunan ƙarshe na itace ne. A 1998 ya koma Oksfod ta Ingila da zama, a can, cikin sanyi da koren ciyawa, ya shiga zana wani itacen bakin Nilu da Sudaniyawa ke kira haraz. Gawo ne, ba wani ba. Manomin Faskari bai buƙatar a gaya masa halinsa: da damina, lokacin da kowane itace ke taƙama da ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, gero da dawa su samu rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma in ko'ina ya bushe sai ya yi kore, dabbobi su samu inuwa da abin ci. A Sudan suna da tatsuniya cewa faɗa ya yi da ruwan sama. Mutumin da ya ƙi bin Landan, aka ɗaure shi a Hartum, ya tsufa a baƙuwar ƙasa, ba sai an tambaye shi abin da ya gani a jikin wannan itace ba. Launi ya dawo a nan, amma a natse. Wasu daga cikin gawon nasa layuka ne kawai da aka ja da abin auna layi, ɗaya a tsaye, da yawa a kwance, sirara, a jere kamar sadarorin allo. Mutum na uku da muka zaunar a gona ɗazu, ga shi mun iske shi, sai dai yanzu mun san tafiyar shekara hamsin ce ta kawo shi.

Ina da ƙorafi guda a kan irin wannan baje koli, kuma gara in faɗa. Yana miƙar da abin da ba miƙaƙƙe ba. Mai tsarawa ya riga ya san ƙarshen labari, don haka yakan zaɓi ayyukan da ke nuna hanya ɗaya, ya bar waɗanda mai zanen ya gwada ya watsar. Kana fita sai ka ɗauka tun yana Slade gawo yake nufa, alhali shi a lokacin laluben duhu yake kamar kowa. Shekarun da ya yi yana aikin ofis a Doha, duniyar zane ta manta da shi, a bango taku biyu ne tsakanin wannan firam da wancan. Sannan akwai zancen wuri. Mutanen da ya sauya hannunsa dominsu, masu faifai da allo a ɗaka, ba su ne suka hau jirgin ƙasa suka je bakin kogin Landan kallo ba.

Wannan ya dawo da ni gida. A ce yau ana so a yi wa wani gwanin zayyana na Ƙanƙara waiwaye, ko wani magini da ya yi shekara arba'in yana yi wa soraye ado a ƙasar Sabuwa, daga ina za a fara? Matakin farko ma, ƙidaya, nan za a tsaya. Mai zayyana ba ya sa sunansa, ba ya sa shekara. Allunan suna gidaje ɗari, wasu gara ta ci, wasu suna rataye a bayan ƙyaure. Adon soro kuwa damina ke cinye shi, a yi yaɓe a kai, ko a rushe a sa bulo da kwano. Gidan tarihi na Katsina, da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, da Gidan Makama na Kano suna ajiye kayan hannu, amma bisa iri ake jera su, ga riguna, ga takubba, ga tukwane, ba bisa hannun da ya yi su ba. An taɓa yin wani yunƙuri: David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya tattara kayan fasahar Hausa aka baje su a Landan a 1976, ya kuma rubuta a kan wani mai zanen bango, Musa Yola, da sunansa. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin malamin firamare mai waya ba: ya ɗauki hoton allo, ya tambayi wa ya zayyana shi, saukar wa aka yi da shi, shekarar da aka yi wace. In aka samu talatin na hannun mutum ɗaya aka jera bisa shekaru, za a ga inda ya fara da kwaikwayon malaminsa, da inda ya sake, da shekarar da idonsa ya fara rauni layinsa ya yi kauri.

Shi dai El-Salahi waiwayen 2013 bai zame masa rufe littafi ba. Ciwon baya ya matsa masa, tsayuwa gaban babban ƙyalle ta gagara, sai ya koma kujera. Abin da ke kusa da hannunsa kwalayen maganin da yake sha ne da ambulan na wasiƙu. Ya riƙa buɗe kwalin ya baje shi, ya sa alƙalami a bayansa, ya fara da 'yar ƙwaya a tsakiya kamar yadda ya saba, ya bi lanƙwasar kwalin duk inda ta yi. Ya tara ɗaruruwa. A 2022, yana da shekara 92, aka baje wasu daga cikinsu a Niyok, ƙanana-ƙanana, wasu ana iya hango sunan maganin ta ɗaya gefen.